Littafi mai tsabta da gonar Goggo

A shekarun can baya, lokacin da Yola ke ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an jira shi daga Maiduguri, na kama aikin ƙaramin magatakarda a wata kotun yanki a Jimeta. Jiya ɗaya daga cikinku, ku masu koyon aikin shari'a, ya tambaye ni wane littafin doka ya kamata ya saya, tunda ya ga iri biyu a kanti. Na ce ya dakata in ba shi labari tukuna, domin ni ma na taɓa zaɓar littafi, kuma ba a kaina zaɓin ya ƙare ba.

Ni ɗan malami ne. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga Kano suka yi zamansu, mahaifina kuwa bai bi fatauci ba, karatu ya bi. Yana da zaure a Alƙalawa inda manya ke zuwa ɗaukar fikihu bayan la'asar. A cikin littattafai na buɗe ido, kuma tun ina ƙarami na san dokokinsu. Ba ka taɓa littafi da hannun tuwo, ba ka ajiye shi a ƙasa, ba ka lanƙwasa masa kunne. Sannan na san yadda shafi yake. A tsakiya akwai matani, wato maganar mai littafin, a gefe kuma akwai sharhin malaman da suka zo daga baya. Sharhi kana iya ɗauka kana iya bari. Matani kuwa ba ya motsi, abin da kakana ya karanta shi mahaifina ya karanta, shi kuma aka biya mini. Da wannan kan na shiga aikin gwamnati, da 'yar takardar sakandare a aljihu, ina jin babu wanda zai koya mini yadda ake girmama littafi.

Shugabanmu a ofis, babban magatakarda, wani dattijo ne Kirista daga kudancin Adamawa, ya yi makarantar mishan, ya fara aiki tun Turawa na nan. Oga muke ce masa. Ba shi da yawan magana, Hausarsa kuma irin ta Jimeta ce, namiji da mace duk "shi" ne a bakinsa. Ni yake kira ɗan Malam.

Oga yana da wata al'ada da ke ba ni haushi. Duk ranar da jakar wasiƙu ta iso daga Maiduguri, sai ya zaro Gazet, jaridar da gwamnati ke buga dokokinta a ciki, ya share teburinsa, ya jera almakashi da rula da jan biro da wata kwalba da ya jiƙa ƙaro a ciki. Sai ya jawo littafinsa na tsarin shari'a a kotu, ya ja jan layi a kan wasu kalmomi, ya yanko 'yar takarda daga Gazet ya shafa ƙaro ya manna a gefe. Zamanin soja ne, ba a daɗe da karɓe kotuna daga hannun En'e ba, takardu na ta zuwa, saboda haka kusan kullum yana cikin wannan aiki. Littafin ya kumbura har ba ya rufuwa, da igiya ake ɗaure shi. Kyankyasai sun lashe ƙaron bangon. In ka buɗe, tsummokin takardu ne ke leƙowa ta ko'ina. Wallahi in na gan shi yana wannan yanke-yanke raina ɓaci yake yi. A zuciyata cewa nake dattijo ya rasa aikin yi, ya mai da littafin gwamnati abin wasa. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Na riga na ba kaina amsa, cewa sharhinsa ne yake liƙawa a gefe.

Shekara ta biyu da fara aikina aka ce za a yi jarrabawar ƙarin girma ta ma'aikatan kotu, a daidai lokacin kuma Oga zai yi ritaya. Ranar da yake tattara kayansa ya kira ni. Na tarar da littattafai biyu a kan tebur. Ɗaya wannan kumburarren nasa ne. Ɗayan kuwa irinsa ne sak, bugu ɗaya, amma sabo fil, wani Bature ne ya bar masa shi tun da daɗewa, bai taɓa buɗe shi ba. Baƙin bango, rubutun ruwan zinariya, in ka buɗe har ƙara yake yi.

Ya ce, "Ɗan Malam, duka biyu nawa ne, ba na ofis ba. Ka ɗauki ɗaya, ni zan tafi gida da ɗaya."

Ban ko yi kawaicin nan na 'ya'yan mutunci ba, hannuna ya riga ya kai kan sabon.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "In karatu kake so, wannan zai yi maka. Za ka koyi yadda kotu yake tafiya. Amma in mutum ya zo da matsala, kada ka ba shi amsa daga ciki. Amsa yana cikin wannan mai datti."

Na ce, "Oga, ai abu ɗaya ne a ciki."

Ya ce, "Da abu ɗaya ne."

Na ji shi sarai, ba zan yi masa ƙarya ba yana kabari. Sai dai na ɗauka irin maganar tsofaffi ce, kowa na yabon abin da ya sha wahala a kansa. Na ce a raina, ni da zan kai littafi gidan malami, in shiga da wannan tulin tsumma? Na yi godiya na ɗaure sabon a bayan keke.

Da na kai gida mahaifina ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya shinshina takardar. Ba ya karanta boko, amma ya san littafi. Na ba shi labarin ɗayan da yadda aka yi masa jan layi a kan matani, ya girgiza kai ya ce, "Subhanallahi, a kan matanin?" Ya ce na yi zaɓi mai kyau. Har gurbi ya ba shi a kan kantar da yake jera nasa littattafan, abin da bai taɓa yi wa wata takardar boko ba. Ku ƙiyasta yadda kaina ya yi girma a ranar.

Na kama karatu ba ji ba gani. Gaskiya littafin ya yi mini amfani, domin a jarrabawa tushen abu aka tambaya, yadda ake shigar da ƙara, yadda ake kiran shaida, wa ke fara magana, me ake rubutawa. Na ci da kyau. Daga nan sai na zama lauyan unguwa. Duk wanda ya sami sammaci sai a ce a je wurin ɗan Malam. Ni kuma in fito da littafin, in lashi yatsa, in buɗe a hankali don kowa ya ga ruwan zinariyar.

A cikin wannan tashen nawa Goggo ta zo. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata, Bafillatana ce, tana zaune a Yolde Pate. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku da gona guda ɗaya, wadda a cikinta suke samun dawar ci da gyaɗar sayarwa. Bayan rasuwar sai maƙwabcin gonar ya kai ƙara a wata kotu ta ɓangaren Yola, ya ce aro mahaifinsa ya ba mijin, ba kyauta ba. Goggo ba ta da shaida a kusa. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya wanda aka yi kyautar a gabansa, wato wan mijin, shi kuma ya bi shanu can wajen Gurin. Kotu ta ba maƙwabcin gona, amma ta bar wa Goggo amfanin da ta shuka a wannan damina ta cire abinta.

Ranar Lahadi ce da hantsi. Mahaifiyata ta aiko a kira ni cikin gida, na tarar da su zaune a kan tabarma, idon Goggo ya yi ja. Mahaifiyata ta ce, "Ga goggonka nan, ka duba mata a littafin nan naka."

Goggo ta ce, "Ɗana, an ce ana kai kuka kotu na sama. Ni abu biyu ne a gabana. Gyaɗana ya nuna, in na bar shi zai tsira a ƙasa. Kuma ina so in je da kaina in kawo wan mijina, in aike ne ba zai zo ba. Ina da lokaci, ko in bar komai in tafi kotu gobe?"

Na ɗauko littafi na buɗe babin ɗaukaka ƙara, na sami kwanakin da doka ta ba wanda bai gamsu da hukunci ba. Na lissafa da yatsu daga ranar hukuncinta, na ga sun kai ta har bayan cirar gyaɗa, da saura ma. Na ce, "Goggo, kwantar da hankalinki. Ki cire gyaɗarki, ki je ki kawo shi, ki dawo mu shigar da takarda."

Sai ta ce, "To, amma mai fassara na kotun ya bi ni waje, ya ce in yi sauri, kwana kaɗan ne."

Wannan wurin ne har yau in na tuna nake jin kunya ta rufe ni. Dariya na yi. Na juya mata littafin, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba, na ɗora yatsa a kan layin na ce, "Tafinta ne ya fi littafin gwamnati sani? Ga shi nan a rubuce." Mahaifiyata ta ce, "Kin ji ko." Goggo ta sauke ajiyar zuciya, ta sa mini albarka har sai da na ji nauyi.

Washegari Litinin na je ofis. Kwafin littafin na ofishinmu yana nan a kabad ɗin sabon magatakarda, taku biyar daga teburina. Da na ce ya ba ni in duba, da minti biyu ya isa. Ban tambaya ba, domin ban ga abin da zan duba ba.

Goggo ta cire gyaɗarta, ta yi tafiyarta, ta sha wahalar neman tsohon daga ruga zuwa ruga har ta same shi ta taho da shi. Na rubuta mata takardar ɗaukaka ƙara da hannuna, na ƙawata rubutun, na ɗauki izinin rabin yini na raka su babbar kotu a Yola. Magatakardan wurin ya karɓa, ya dubi ranar hukunci, ya dubi kalandar bango, ya turo mini takardar.

Ya ce, "Lokaci ya wuce."

Na ce, "Bai wuce ba, Yallaɓai, da saura." Har na faɗi masa lambar sashen da ka, don ya san ba da baƙauye yake magana ba.

Bai yi musu da ni ba. Ya sunkuya ya jawo nasa littafin daga ƙarƙashin tebur, sai na ga shi ma a kumbure yake, shi ma da igiya. Ya buɗe wannan shafin da na haddace. An ja jan layi a kan adadin kwanakin, a gefe an manna 'yar takarda da ba ta fi faɗin yatsa biyu ba. An rage kwanakin tun kafin in fara aiki. Na karanta sau uku. A tsaye a wurin na gane abin da Oga ke yi da almakashinsa duk shekarun nan. Ba sharhi yake liƙawa ba, dokar ce kanta, abin da ke ƙarƙashin jan layin kuwa ya daina aiki.

Na ce wa Goggo an sami 'yar matsala ta takarda, su koma gida zan zo. Na hau keke ban tsaya ko'ina ba sai gidan Oga a bayan kasuwar Jimeta. Na same shi yana ba kajinsa dusa. Na zayyana masa komai, ina jira ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba, kuma da ya ce da ya fi mini sauƙi. Ya shiga ɗaki ya fito da kumburarren, ashe ko bayan ritaya bai daina manna masa takardu ba. Ya duba ya ce akwai hanya ɗaya, a roƙi alƙali ya ƙara lokaci, amma sai an kawo dalili mai ƙarfi a takardar rantsuwa.

Na ce, "Ko mu ce ba ta da lafiya?"

Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Malam ne fa."

Na sunkuyar da kai. Ya ce in rubuta abin da ya faru yadda ya faru, in sa hannu. Ya kuma gaya mini gaskiya, cewa ba lallai a karɓa ba, kuma za a iya tuhumata a ofis, tunda ba aikin magatakarda ba ne ba mutane shawarar shari'a. Na rubuta a kan teburinsa. Cewa ni ne na ce ta jira, cewa an gargaɗe ta ni na kore gargaɗin, cewa daga tsohon bugu na karanta. Ban taɓa rubuta takarda mai nauyin wannan ba, ga ta kuma ba ta cika shafi ɗaya ba.

Mahaifina na gaya wa a wannan yammacin bayan ɗalibansa sun watse. Da ya gama ji sai ya ce, "Wato su nasu matanin canzawa yake yi." Na ce e. Ya ce, "To ni ma da hannuna a ciki, ni na ce ka yi zaɓi mai kyau." Ya ce in je in tsaya a gaban alƙali kamar yadda na tsaya a gaban matar. Mahaifiyata kuwa na kasa tunkararta, na ce sai an gama.

Ranar da aka saurari roƙon, da Turanci aka yi yawancin maganar. Alƙalin ya sa na miƙe, ya karanta takardata a fili, ya tambaye ni ko ni na rubuta, na ce ni ne. Ya ce ya yaba da gaskiyar da na faɗa. Amma ya ce kotun farko ta sanar da matar lokacinta ta bakin tafinta, ita ta zaɓi ta bi maganar wani a gida, shi kuma ɗaya ɓangaren ya riga ya shiga gonar bisa hukunci. Ya ƙi roƙon. Duka-duka abin bai kai rabin awa ba. Wan mijin Goggo, wanda aka ɗauko tun daga Gurin, yana zaune a benci da sandarsa, ko sunansa ba a kira ba.

Muka fito. Ina tura kekena, Goggo na gefena, tsohon na biye da mu. Sai da muka kai gindin wata ɗorawa a bakin hanya ta ce, "To ɗana, yaushe za mu dawo?"

Ashe ba ta fahimci abin da aka yi ba. Na jingine keken na gaya mata da Hausa, dalla-dalla, cewa babu dawowa, gona ta tafi. Na gaya mata cewa tafinta ne ke da gaskiya, littafina tsoho ne, ni na cuce ta. Ta tsaya tana kallon ƙasa, ta gyara mayafinta, ta juya ta faɗa wa tsohon da Fillanci. Shi ya yi salati. Ita kuwa ta ce mini, "Ka koma wurin aiki, kada a yi maka faɗa." Suka kama hanyar Yolde Pate a ƙasa.

A ofis an ba ni takardar gargaɗi, aka jinkirta mini ƙarin girma na ɗan lokaci, daga baya komai ya wuce. Na yi gaba, na je ƙarin karatu, har na zauna a kujerar alƙali shekaru masu yawa. Ni dai ban rasa komai ba. Goggo ce ta koma yin ƙodago a gonakin mutane, ita da 'ya'yanta, da rani kuma ta sari itace. Na yi abin da zan iya na taimako, wani ta karɓa wani ta mayar, amma babu wanda ya zama gona.

Saboda haka kai da ka yi tambaya, ga amsata. Littafin koyo daban, littafin dubawa daban. Na koyo, nemi wanda ya iya bayani, ko tsoho ne zai buɗe maka kai. Amma wanda za ka buɗe ka ce wa mutum yi kaza ko bar kaza, fara duba shekarar da aka buga shi kafin ka dubi bangonsa, sannan ka bincika abin da aka gyara bayan an buga. Yanzu ba ku da almakashi da ƙaro, a waya kuke dubawa, amma har gobe ina ganin yara na ɗauko tsohuwar doka suna kafa hujja da ita da ƙarfin gwiwa irin nawa na wancan lokaci. In kuma wani ƙaramin ma'aikaci ya ce maka ba haka ba ne, kada ka yi dariya, je ka duba.

Abu ɗaya ne ban gyara ba. Na yi ta jiran ranar da mahaifiyata za ta kira ni ta tambaye ni, ranar ba ta zo ba. Goggo ta ci gaba da zuwa gidanmu kamar da, su zauna a tabarma su yi hira, in na shigo in gaishe ta ta amsa da fara'a. Abin da ta gaya wa ƙawarta kawai shi ne alƙali ya hana. Mahaifina bai faɗa ba, ni ma na yi shiru, kullum ina cewa sai wani lokaci. Mahaifiyata ta rayu shekara goma sha wani abu bayan haka, kuma duk ranar da aka ambaci gonar sai ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya raba Goggo da abincin 'ya'yanta. Sau da yawa ina zaune a wurin take faɗa.